Mai Daga Itace: Me Ke Cikin Hayaƙin Gawayin Keffi?

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga ta Garaku, ko wadda ta nufi Nasarawa da Toto, zai riƙa cin karo da buhunan gawayi jibge a bakin titi, suna jiran motocin da za su kwashe su zuwa Masaka, Mararaba da Abuja. Idan kuma ya ɗaga ido can cikin daji, zai hangi farin hayaƙi yana tashi daga tsibin itacen da aka binne. Gawayin shi ne haja. Hayaƙin kuwa babu mai kula shi, in ban da masu aikin da yake sa wa tari da hawaye. Amma a wurin masana makamashi, kaso mai tsoka na amfanin bishiyar da aka sare yana cikin wannan hayaƙi ne, domin idan aka tare shi aka sanyaya, yakan koma wani ruwa mai duhu da kauri wanda yake cin wuta. Shi ake kira man itace.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Manomin da ke da injin ban ruwa, da mai injin niƙa, da mai casar shinkafa, kowa neman mafita yake yi. Shi ya sa labarin cewa Turawa suna tatsar mai daga itace yake saurin shiga kunne. Labarin gaskiya ne, amma man da ake samu ba fetur ba ne, ba kuma dizal ba, sa'an nan masana'antar da ke yin sa ta fi ƙarfin manomi, ta kuma fi ƙarfin dajin da ya rage mana. Duk da haka, akwai wani ɓangare na wannan ilimi da ya yi daidai da aljihun ƙaramin manomi. Wannan muƙala za ta bambance tsakanin biyun.

Yadda itace ke komawa mai

Idan aka hura wuta a fili, iska tana shiga ta ko'ina, itace ya ci ƙurmus ya bar toka. Idan kuwa aka gasa itacen a rufe, aka hana iska isa gare shi, ba ya ƙonewa. Warwarewa yake yi ya rabu gida uku. Kashi na farko shi ne gawayi. Na biyu tururi ne mai nauyi wanda yake komawa ruwa da zarar ya huce. Na uku kuma iska ce mai kama wuta wadda ba ta komawa ruwa. Masana suna kiran wannan gashi fairolisis. Mai yin gawayi a dajin Kokona shi yake yi kullum, ko da bai taɓa jin sunan ba. Haka ma uwargida ta san kashi na biyu, domin baƙar kunkunniyar nan mai danƙo da ke maƙale a rufin madafi daga tururin itace ta samo asali.

Abin da ke yanke yawan kowane kashi shi ne saurin gashin. Gashin sannu, na kwana da kwanaki, gawayi yake fifitawa: a tukunyar masana'anta mai kyau, kilo 100 na busasshen itace yakan ba da kimanin kilo 35 na gawayi, kilo 30 na ruwa, saura ya tafi a iska. Idan kuwa mai ake nema, sai a juya lamarin. Za a busar da itacen har danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100, a niƙa shi ya zama tsaki-tsaki da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, sa'an nan a watsa shi cikin yashi mai zafin digiri 500, kamar dai yadda mata suke soya gyaɗa da yashi don zafi ya game ta lokaci guda. Nan take garin itacen zai zama tururi. Dole a janye tururin a sanyaya shi cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. In ya daɗe a cikin zafi sai ya ƙara warwarewa ya zama iska. Ta wannan hanya, itace mai tsabta yana iya ba da ruwa har kilo 70 zuwa 75 cikin kowane kilo 100, ragowar kuma, wato ɗan gawayi da iskar, a ƙona su don zafafa yashin.

Waɗannan daƙiƙu biyu su ne tushen tsadar aikin. Riƙe zafi a kan digiri 500 ba hawa ba sauka, da tura gari ba yankewa, da sanyaya tururi cikin ƙiftawar ido, aiki ne na na'urori masu sarrafa kansu, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da ƙwararrun ma'aikata. Ba abin da mai walda zai haɗa da duro biyu ba ne.

Wane irin mai ne?

A ido, man itace ya yi kama da baƙin shayi mai kauri ko ruwan maɗi, warinsa kuwa na hayaƙi ne mai hawa kai. Kamanninsa da man ƙasa a nan ya tsaya. Akwai ruwa a cikinsa, kashi 15 zuwa 30 cikin 100, wanda ba ya rabuwa da shi cikin sauƙi. Ya fi ruwa nauyi, domin lita ɗaya takan kai kilo 1.2. Ƙarfin wutarsa, idan aka auna kilo da kilo, bai kai rabin na dizal ba. Idan da lita aka auna, sai an ƙona kusan lita biyu kafin a sami aikin lita ɗaya ta dizal. Ba ya gauraya da fetur, ko dizal, ko kananzir. In an zuba su wuri ɗaya kowa ɓangarensa yake kamawa.

Babban aibinsa shi ne tsami. A ma'aunin tsami yana tsakanin 2 da 3, wato dab da ruwan lemun tsami. Saboda haka yana cin baƙin ƙarfe da alminiyam, yana kuma lalata robobin da ke cikin inji. Bugu da ƙari, ba ya son ajiya: yana daɗewa yana ƙara kauri, musamman a wuri mai zafi, kuma zafin Keffi na watan Maris ba sai an faɗa wa kowa ba. Manomin da ya zuba shi a injin ban ruwa zai yi asarar famfon mai da nozul, ya kuma biya bakanike kuɗin da ya fi na man da ya so ya tsimi.

Wurin da ya dace da shi shi ne inda ake ƙona baƙin mai, irin wanda masaƙun Kaduna da Kano suka dogara da shi wajen hura manyan tukwanen tururi a zamanin da suke ganiyarsu. Ko a nan ma sai an sauya tankuna da bututai zuwa ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai da shi fetur ko dizal na gaske yana yiwuwa, amma sai a matatar mai. Dalili kuwa, kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyinsa iskar oksijin ce da ke ɗaure a jikinsa, alhali ɗanyen man ƙasa kusan ba shi da ita. Cire ta yana bukatar iskar haidurojin, da matsi mai tsanani, da sinadarai masu tsada.

Waɗanda suka gwada

Tatsar ruwa daga itace tsohuwar sana'a ce. Ƙasashen arewacin Turai sun shekara ɗaruruwa suna fitar da kwaltar itace don shafe jiragen ruwa da igiyoyinsu. Sinadarin metanol ma daga itace ake samun sa, har zuwa 1923 lokacin da kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa shi ta wata hanya mai araha. Gashin gaggawa shi ne sabo. Kamfanin Ensyn na Kanada ya fara amfani da shi a kasuwance a 1989 a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma abin lura shi ne ba makamashi ne ya fara kawo masa kuɗi ba, ruwan ƙamshin hayaƙi ne da ake sa wa nama da sauran abinci.

A 2013 aka buɗe masana'antar man itace a garin Joensuu na ƙasar Finlan, wadda aka tsara ta fitar da tan 50,000 a shekara. A 2015 aka buɗe wata mai suna Empyro a garin Hengelo na ƙasar Holan, aka riƙa kai manta wata masana'antar madara ta kamfanin FrieslandCampina, wato uwar kamfanin da ke yin madarar Peak a nan Nijeriya, don hura tukunyar tururi. A 2021 kuma kamfanin Pyrocell ya fara aiki a Gävle ta ƙasar Suwidin, a jikin wani babban injin yankan katako. Garin katakon da ke zuba shi ake gasawa, a kai man matatar kamfanin Preem a cuɗa kaɗan daga cikinsa da ɗanyen man ƙasa a tace tare.

Mai karatu zai lura da abin da ya haɗa waɗannan uku. Dukkansu a kan ragowar itace suka dogara, wato garin katako, da ɓarɓashi, da rassan da suka rage bayan an sari gandun da aka shuka aka kuma sake shukawa. Dukkansu kuma sun san wanda zai sayi man tun kafin a aza tubalin farko.

Akwai kuma waɗanda suka sha ƙasa. Kamfanin KiOR ya kashe sama da dala miliyan 200 wajen gina masana'anta a Kolambus ta jihar Misisifi, da alkawarin mai da itacen fayin fetur da dizal kai tsaye. Man da ya fito bai kai ko kusa da abin da aka alkawarta ba, aka rufe masana'antar, kamfanin ya bayyana karyewarsa a Nuwamban 2014, da bashin gwamnatin jihar a wuyansa. Kafin shi, kamfanin Choren na Jamus, wanda ya bi ta wata hanyar dabam ta mai da itace iskar gas sa'an nan dizal, ya durƙushe a 2011. Waɗannan ba su rasa injiniyoyi ko jari ba.

A nan gida, aikin ya fi yawa a ɗakunan gwaji na jami'o'i da cibiyoyin bincike, inda ake gasa garin katako, totuwar masara ko ɓawon gyaɗa kilo ɗaya ko biyu a auna abin da ya fito. Bincike ne mai amfani, amma tsakanin kwalbar ɗakin gwaji da tankar mai akwai tafiya. Manomanmu ma ba baƙi ba ne ga alkawarin man tsirrai. Bayan fitowar manufar Gwamnatin Tarayya kan wannan fanni a 2007, an yi ta yayata noman bini-da-zugu don yin dizal, wasu suka ba shi gonakinsu, daga baya suka nemi mai saye suka rasa.

Lissafin itace

A ɗauka an ce za a kafa masana'anta irin ta Hengelo a Keffi. An tsara ta ne ta ci tan 5 na busasshen itace a kowace awa, wato tan 120 a kwana ɗaya. Idan tirela tana ɗaukar tan 30, tirela huɗu ke nan kullum, rani da damina. Ɗanyen itace kuwa kusan rabinsa ruwa ne, don haka abin da za a saro ya kusa ninka haka. A shekara, ana maganar kimanin tan 40,000. Ko da an shuka gandun turare ko malaina, aka kula da shi har kowace hekta tana ba da tan 10 a shekara, sai an ware hekta 4,000. Faɗin Ƙaramar Hukumar Keffi baki ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 138 ba, wato hekta 13,800. Fiye da rubu'in ƙasar ke nan, domin masana'anta guda.

In ba a shuka ba, daga ina itacen zai fito? Amsar tana tsaye a gonakinmu. Masu yin gawayi sun fi son itace mai nauyi: ƙirya, marke, baushe, maɗaci, kawo, da kuma kaɗanya. A wurare da dama ƙirya ta yi wuyar gani, gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa, bishiyoyin da iyayenmu ba sa sara ko da suna share sabuwar gona. Kaɗanya takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, in ta fara kuma tana iya ciyar da jika da tattaɓa-kunne. A wuni ɗaya ake kayar da ita, a mako ɗaya ko biyu ta zama 'yan buhuna. Wanda ya sayar da buhunan ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya. Matan da ke tsintar ƙwara suna yin man kaɗe, da masu daddawa da ke jiran kalwa, su suka yi asarar kowace shekara. Darajar kaɗanya ta kai ga cewa a watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwararta waje na tsawon wata shida, don a riƙa sarrafa ta a cikin gida. Mun kuma ga abin da ya sami madobiya lokacin da kasuwar katakonta ta buɗe a ƙasar Sin: cikin 'yan shekaru aka yi mata ƙarƙaf a dazuzzuka da dama, har ta kai a 2017 an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Gwamnatin Jihar Nasarawa ita ma ta sanar da haramta harkar gawayi a 2021, saboda yadda daji ke ƙarewa.

A matsayina na mai nazarin ƙasar noma, abin da ya fi damuna ba inuwa ba ce kawai. Ƙasar wannan yanki jigawa ce mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, ga ruwan sama mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Oktoba. Saiwar bishiya ke riƙe ta, ganyen da ke zuba ke ciyar da ita, ƙirya da ɗorawa kuma dangin wake ne masu gyara ƙasa. Inda aka kwashe su, kowace damina sai ta tafi da fatar gona, manomi ya ƙara buhun takin zamani don ya sami abin da da yake samu ba tare da shi ba. Duk wani shiri da zai buɗe wa itacen daji sabuwar kasuwa a wannan yanki, komai kyan sunansa, garin neman gira ne za a rasa ido.

Saura ragowar amfanin gona. Muna da garin katako a wuraren masu yanka, da totuwa, da ɓawon gyaɗa, da karan riɗi, da buntun shinkafa wanda ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Lafiya da sauran garuruwa. Waɗannan su ne abincin da ya halatta ga irin wannan masana'anta idan wata rana ta zo. Sai dai kowanne da matsalarsa. Ba su da nauyi, don haka kuɗin mota yakan cinye ribar idan wurin ya yi nisa. Buntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce, toka kuwa tana rage yawan man da ingancinsa. Karan dawa da harawa ba ma a maganarsu, domin abincin dabbobi ne, abin da ya rage kuma haƙƙin gona ne.

Abin da ke daidai ƙarfin manomi

A koma kan tsibin gawayi. Binne irin na gargajiya yakan ba da kilo 10 zuwa 20 na gawayi daga kilo 100 na itace. Sauran duk ya tashi sama. Fiye da shekaru 40 da suka wuce, a yankin Kasamansi na ƙasar Sanagal, aka gyara wannan binne ta hanya mai sauƙi: a jera itace a ƙasa yadda iska za ta zagaya, a buɗe ƙananan kafofi a gindi, sa'an nan a kafa bututun hayaƙi na durorin da aka haɗa baki da baki a gefe ɗaya. Da wannan gyara, ƙwararren mai aiki yana iya samun kilo 25 zuwa 30, aikin ya fi sauri, kuma ruwan da ke taruwa a gindin bututun ana iya tare shi. Ma'ana, buhunan da a da sai an ƙona itacen bishiya biyu, yanzu itacen ɗaya da 'yan kai ya isa. Busar da itacen na wata ɗaya ko biyu a iskar hunturu kafin a binne shi ma yana ƙara yawan gawayi, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ga manomin da ke da sassaben rassan mangwaro, kashu, darbejiya ko malainar da ya shuka da hannunsa, duro mai cin lita 200 ya wadatar. A kwantar da shi, a yi masa ƙofar wuta a gaba da bututu a baya, a lulluɓe shi da ƙasa don riƙe zafi. A saman bututun sai a ɗora doguwar gora wadda aka fasa gaɓoɓinta, mai tsawon mita 3 zuwa 4, a karkace tana kallon sama, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Hayaƙi yana bi ta ciki yana hucewa, ruwan yana gangarowa baya yana ɗiga a mazubin roba. Kada a yi amfani da bututun baƙin ƙarfe ko kwanon rufi a wannan wuri, tsamin zai ci su ya ɓata ruwan.

Lokacin tara shi ne sirrin aikin. Hayaƙin farko fari fat ne, tururin ruwa ne kawai, a bar shi ya wuce. Idan ya yi kauri, ya ɗan yi rawaya-rawaya, warinsa ya fara yaji a hanci, to lokaci ya yi. Mai ma'aunin zafi zai ga bakin bututun yana tsakanin digiri 80 da 150. Da zarar hayaƙin ya fara sirancewa yana komawa shuɗi, a janye gorar, domin abin da ke fitowa daga nan kwalta ce mai ɗauke da sinadarai masu cutarwa. Daga nan a toshe duk kafofi, a bar duron ya huce sarai kafin a buɗe. Kada manomi ya sa ran cika jarka. Duro guda 'yan litoci kaɗan yake bayarwa.

A zuba ruwan a jarkar roba ko kwalba, a ajiye a inuwa wata uku ba tare da girgizawa ba. Zai rabu hawa uku: ɗan mai-mai a sama, ruwa garai-garai mai launin shayi a tsakiya, baƙar kwalta a ƙasa. Na tsakiyan shi ne ruwan hayaƙi. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa ruwa ne, saura kuma tsami irin na khal da wasu sinadarai masu yawa. Wannan ba ya cin wuta, kuma ba makamashi ba ne. A gona yake da amfani.

Amfaninsa da iyakarsa

Manoman Japan da Tailan sun daɗe suna fesa ruwan hayaƙi a lambu don korar ƙwari da rage cututtukan ganye, suna kuma yayyafa shi a ɗakin kaji da wurin tara taki don kashe wari. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: wanda ya rataye irin masara a saman murhu don kada ƙwari su taɓa shi, da sinadaran hayaƙin nan yake aiki. Ga fesawa a ganye, akan zuba kashi ɗaya cikin kashi 300 zuwa 500 na ruwa, wato kimanin cokali uku zuwa huɗu na cin abinci a tankin feshi mai lita 20. In ya fi haka ƙarfi yana ƙona ganye. Tsagwaronsa ma ciyawa yake kashewa.

Wajibi ne a faɗi iyakarsa, domin masu talla sun fara kambama shi. Ba taki ba ne. Sinadaran da shuka ke ci kusan babu su a cikinsa, don haka ba zai maye gurbin takin gargajiya ko na zamani ba. Sakamakon gwaje-gwaje a kansa ya sha bamban, wani wuri a ga amfani, wani wuri a ga babu, domin ƙarfinsa ya danganta da irin itacen da kuma yadda aka tara shi. Shawarata ita ce manomi ya gwada a kunya biyu ko uku na tumatir ko barkono, ya bar na kusa da su ba feshi, ya kwatanta da idonsa. Idan kuma tsutsa ta riga ta mamaye masara, a nemi malamin gona, kada a tsaya jiran ruwan hayaƙi.

Kwaltar da ta kwanta a ƙasa ita ce 'yar'uwar man itace na masana'anta, tana kuma cin wuta, amma da baƙin hayaƙi mai cutarwa, don haka ba ta dace da girki ko fitila ba. Inda ta fi amfani shi ne shafe gindin dirkoki, da ƙafafun rumbu, da turakun shinge, don rage ɓarnar gara. A sa safar hannu, kada ta taɓa fata, kada kuma a shafa ta a kan abin da hatsi, ruwan sha ko bakin dabba zai taɓa, saboda tana ɗauke da sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Ruwan hayaƙin ma ba na sha ba ne, ba kuma magani ba. Akwai metanol a cikinsa, wanda ke makantarwa. A rubuta suna a jikin jarkar, a ɗaga ta inda yara ba sa kai wa.

Garin gawayin da ke saura a gindin duro kada a zubar. Manoma sun daɗe da lura cewa shuka takan yi kyau a tsohon gurbin da aka binne gawayi, kuma wani bincike da aka buga a 2004 kan irin waɗannan gurabe a Ejura ta ƙasar Gana ya tabbatar da ƙarin amfanin masara a kansu. A cuɗa garin da kashin shanu ko na kaji, a bar shi mako biyu zuwa uku ya sha, sa'an nan a kai gona.

Abubuwa uku ne suka fi jawo haɗari a wannan aiki. Kada a gasa katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, ko a haɗa da leda da roba. Kada a hura duro a cikin ɗaki ko rumfa mai rufaffen gefe, domin iskar da ke fita tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Kada kuma a toshe bututu alhali wuta na ci da ƙarfi, duron yana iya fashewa. Kafin a fara, ko da rassan gonar mutum ne, ya kamata a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma a ji abin da doka ta yarda da shi.

Ƙungiyoyin gama kai da wani ya zo wa da tallar injin mai da itace dizal, su nemi a kai su inda irinsa ya shekara yana aiki, a tayar da janareto da man a gabansu ya yi wuni yana ci, a kuma ba su sakamakon awon man daga ɗakin gwajin da ba na mai sayarwa ba, kamar na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Su kuma tambaye shi tan nawa na itace injin ke ci a wata, da sunan dajin da za a saro shi.